Ƙwallon Lambu A Abuja, Da Inda Muka Tsaya A Cikin Tarihinsa

A wani zama da muka yi kwanan baya bayan sallar Isha'i, maganar samarinmu masu sammako zuwa Maitama ɗaukar jakar masu buga ƙwallon lambu ta taso, aka yi ta ja-in-ja har dare ya raba. Waɗansu dattawa suka ce aikin banza ne, ƙato da shi ya wuni yana bin wani ƙaton da buhun sanduna a kafaɗa. Waɗansu suka ce a'a, babu maraya sai rago, ai gara wannan da zaman kashe wando a bakin tasha. Da muka saurari kowa sai muka lura cewa duk da shekarun da muka yi muna maƙwabtaka da wannan wasa, kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka yi ya zo ƙasar nan, balle yadda aka yi ya samu wuri mafi kyau a tsakiyar Babban Birnin Tarayya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu koma baya kaɗan, domin mu Hausawa mun fi shekara ɗari a cikin wannan labari, sai dai kusan kullum daga bakin ƙofa muke.

Da farko dai, ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon lambu shi ne abin da Turawa ke kira golf. Wata 'yar farar ƙwallo ce mai tauri, ba ta kai ƙwan kaza ba, ake bugawa da sanda mai kan ƙarfe, ana bin ta har a jefa ta cikin wani ɗan rami da aka kafa wa tuta. Cikakken fili yana da ramuka 18, wanda kuwa ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Watau a nan mai ƙaramin lissafi shi ne gwani. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna fiye da 14 ba, kowace da aikinta: akwai ta dogon zango, akwai ta fitar da ƙwallo daga yashi, akwai ta lallaɓa ta zuwa bakin rami. Kafin a gama zagaye ɗaya an taka kilomita 6 ko 7, an kuma ci kamar awa 4. To, jakar da ke ɗauke da sandunan nan ita ce samarinmu ke saɓawa, su ne 'yan wasa ke kira kadi.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan ne, arewa da Ingila. Ya daɗe ƙwarai, domin tun a 1457 wani sarkinsu ya taɓa hana shi, wai yana shagaltar da samari daga koyon harbin baka. A garin St Andrews ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, sauran duniya ta bi. Abin lura shi ne, a can mahaifarsa ba wasan masu kuɗi ba ne kurum. Filin St Andrews ɗin nan ƙasar jama'ar gari ce, har ran Lahadi akan dakatar da wasa a cikinsa mutane su shiga shan iska da iyalansu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu kuwa ba ta wannan fuska ya iso mana ba. Tare da Razdan da Joji da Turawan kamfani ya zo. Filin Rayfield na Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, yana cikin mafi tsufa a ƙasar nan. Na Kaduna ya biyo baya a 1921, 'yan shekaru bayan an taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru. Kano da Zariya su ma kowace ta samu nata a gefen bariki. Kulob ɗin Ikoyi na Ikko, wanda ya fi su suna daga baya, sai a 1938 ya tsaya da sunan da aka san shi da shi.

Me ya sa kusan kowane barikin Turawa yake da irin wannan fili? Ba son wasa ne kaɗai ba. A tsarin garuruwa na zamanin Gwamna Lugga, wanda dokar 1917 ta ƙarfafa, an ce lalle a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da inda baƙar fata ke kwana. Dalilin da suka bayar shi ne sauro, wai kada ya ciji ɗan ƙasa ya kai wa Bature zazzaɓi. To fili ne fetal ga shi nan an hana kowa ginawa, me za a yi da shi? A wurare da dama sai aka mai da irin wannan sarari filin sukuwa, ko na ƙwallon dawaki, ko na ƙwallon lambu. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane: filin wasan shi kansa katanga ne, katangar da ba a yi ta da tubali ba. Bature na shan iska a kanta da la'asar, ita kuma tana raba shi da Sabon Gari da Tudun Wada.

Amma katangar ba ta hana a nemi yaranmu ba. Bature ba ya ɗaukar jakarsa da kansa, ba ya kuma shiga cikin ciyawa neman ƙwallon da ta ɓace. Yaran kuku da na boyi da na masu gadi, waɗanda iyayensu ke zaune a ɗakunan bayan gida, su ne kadi na farko a Arewa. Akwai kuma wani aiki da ya ɓace yanzu a manyan filaye, wanda dattawanmu da suka zauna Kaduna da Kano za su tuna. Saboda rani da ƙarancin ruwa, ba a iya raya lallausar ciyawa a kewayen rami, sai a zuba yashi a cakuɗa shi da baƙin man mota a daddaɓe. Duk wanda ya buga ya wuce sai ya bar sawu, don haka akwai yaron da aikinsa ke nan, ya riƙa jan buhu ko tabarma a kai yana sharewa kafin na baya su iso. Wani tsoho a cikinmu, wanda ya yi wannan aiki yana yaro, ya ce mana warin man nan ba ya barin ƙafa ko an yi wanka, kuma da reshen itace mai lanƙwasa suka koyi bugu, a ɓoye, bayan Turawa sun shige kulob shan abin shansu. Allah Ya ƙara masa lafiya.

A nan akwai abin mamaki da ya kamata mu tsaya a kai. Wasa biyu Turawa suka kawo a lokaci guda, na dawaki da na lambu. Na dawaki sarakunanmu suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya zama gwanin da Turawan kansu suke sara wa. Cikin ɗan lokaci ƙwallon dawaki ya zama kamar gadonmu, har yau in an ce gasar Katsina ko ta Kaduna ko ta Kano kowa ya san namu ne ke kan sirdi. Dalili a fili yake: doki abin sarauta ne tun kafin Bature, hawa daraja ce. Amma basarake ya sauka ƙasa yana tafiya da ƙafa cikin rana yana bin 'yar ƙwallo? Wannan bai shiga hankalin mutanen da ba. Saboda haka a wasan dawaki muka shiga ta sama, a na lambu muka shiga ta ƙasa, kuma a ganinmu wannan bambanci ne ya sa har gobe dattawanmu ke yi wa ɗaukar jaka kallon raini, alhali ba sa yi wa ɗan barga irin wannan kallo.

Bayan samun mulkin kai a 1960 kulob-kulob suka buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa, amma waɗanne 'yan ƙasa? Manyan ma'aikata, hafsoshin soja, manajojin banki da na kamfani, watau waɗanda suka gaji gidajen Turawa a Ji'ar'e su suka gaji sandunansu. Daga 1969 aka fara babbar gasar Nijeriya, wadda ta riƙa jawo ƙwararru daga Turai lokacin da sanyi ya hana su wasa a gida. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh mutumin Fiji ya ci a 1988 da 1989, dukansu biyu kuma daga baya suka ci manyan gasannin duniya. A Ikko aka yi wannan harka, domin can ne gwamnati take, can ne kuɗi yake.

Sai maganar Abuja. Kowa ya san kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ne ya ba da shawarar wurin, Janar Murtala Muhammed kuma ya sa hannu a doka ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Allah Ya jiƙansa. Sunan ma aro aka yi daga garin da Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828, wanda aka sake wa suna Suleja. Mun faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka jiya Bahaushe ya zo yankin nan. Amma gaskiya ɗaya ce, ƙasar da aka gina tsakiyar birnin a kanta, Wuse da Garki da Asokoro da Maitama, ƙauyuka ne da gonaki na Gbagyi, waɗanda muka fi sani da Gwari. Su suke noman doya da dawa a gindin Dutsen Aso. Dokar 1976 ta mai da dukan ƙasar yankin, wajen murabba'in kilomita 8,000, mallakin Gwamnatin Tarayya. Aka kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama aka kai su Kubwa, ƙauyen Garki ne aka bari a inda yake birni ya kewaye shi. Duk lokacin da muke kukan abin da aka yi mana a garin nan, ya kamata mu tuna akwai waɗanda aka fara yi wa.

Aikin birnin ya yi ta jan ƙafa har zamanin Janar Ibrahim Badamasi Babangida. Yunƙurin juyin mulkin 22 ga Afrilu 1990, wanda aka kai hari har barikin Dodan, ya ƙara wa gwamnati azamar barin Ikko. Shekarar 1991 kuwa, lokacin Manjo Janar Gado Nasko na ministan Abuja, ita ce shekarar da komai ya zo a guje: a watan Yuni aka yi taron shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a nan, ranar 12 ga Disamba shugaban ƙasa ya tare. A wannan shekara ce aka buɗe filin ƙwallon lambu na IBB a Maitama, dab da fadar gwamnati, mai ramuka 18, a kan ƙasa fiye da hekta 100.

Ba a gina shi don nishaɗi kawai ba. Matsalar Abuja a lokacin ita ce babu mai son zama. Ma'aikata na zuwa ran Litinin su gudu ran Juma'a, jakadun ƙasashen waje sun ƙi barin Ikko, manyan 'yan kasuwa na cewa daji ne. Wanda ya saba da kulob ɗin Ikoyi ba zai taso ba sai an nuna masa abin da ya fi shi. An kuwa nuna masa. Fili ne kore shar daga inda ake fara bugu har bakin rami, babu yashi da baƙin mai, ga tafkuna da ƙoramu da gadoji, ga tuddai, ga birai a kan itatuwa, ga kadoji a cikin ruwa har da allunan gargaɗi. Wanda duk ya gan shi zai ce an yi aiki, mu ma ba mu musa ba. Kuma babu laifi mu faɗa, da ba a killace wurin nan ba, da wuya a ce masu rabon fuloti sun bar ko bishiya ɗaya a tsaye a cikinsa, ganin yadda aka cinye wurare da yawa da taswirar birni ta 1979 ta ware don shan iska.

Hannayen da suka yi wannan aiki fa? A shekarun nan ne da yawa daga cikinmu muka zo, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har da Maraɗi da Damagaram, muna leburanci a kamfanonin gine-gine, muna gadi, muna fasa dutse a Mpape, muna sayar da shayi da tsire a bakin wuraren aiki. Birni ya tashi, amma ba a zana mana wurin kwana a cikinsa ba. Sai muka taru a Nyanya da Karu da Mabushi da Karmo da Gwagwa, wurin Gwarawan da suka sayar mana ko suka ba mu aron wuri. Abin da ya biyo baya ba sai mun tuna wa kowa ba. A zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, an rushe Karmo da Idu da waɗansu unguwanni da dama da sunan komawa kan taswira, mutane dubbai suka watse. A takarda dai gwamnati na da hujja, ƙasar tata ce. To amma ƙasar filin wasan ma tata ce. Taswira ɗaya ce ta samar wa 'yar ƙwallo hekta 100, ta rasa inda za ta ajiye mai gadin ƙofar.

Wannan ya kawo mu kan tambayar da wani matashi ya yi a zamanmu: shin filin nan na gwamnati ne ko na masu kuɗi? A ƙasashe irin su Amurka da Ingila filaye iri biyu ne. Akwai na kulob, wanda sai memba ko baƙonsa. Akwai kuma na hukumar gari, wanda direban tasi ko malamin makaranta zai je ya biya kuɗin yini, ya yi hayar sanduna, ya buga abinsa ya koma gida. Daga irin waɗannan filaye na kowa da kowa ne 'ya'yan talakawa da yawa suka fito, Tiger Woods ma da ya ci babbar gasar Masters a 1997 a filayen soja da na jama'a ya tashi, ba a kulob ɗin attajirai ba. Mu a nan abin ya zo a cakuɗe. Ƙasa ta gwamnati, gini na gwamnati, amma tafiyarwa irin ta kulob ce: akwai kuɗin shiga, akwai na shekara, kuma bisa al'adar kulob sai wani memba ya tsaya maka. Ga tsadar kayan wasan, waɗanda duk daga waje ake kawo su. Sojoji ma da suka yi nasu fili, wanda ake kira TYB da sunan Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, shugaban sojan ƙasa daga 2015 zuwa 2021, a yankin bariki yake, kowa kuwa ya san ƙofar bariki ba ta shiga da ka ba ce. A 2025 da rikicin shugabanci ya tashi a kulob ɗin IBB, Ministan Abuja Nyesom Wike ya sa baki, ya tuna wa membobi cewa wurin mallakin gwamnati ne, aka naɗa sabon kwamitin amintattu. Da muka ji haka sai muka ce to madalla, ashe dai namu ne, saura a gaya mana ranar da za a riƙa buɗe mana shi kamar yadda mutanen St Andrews ke yi ran Lahadi.

A kwatanta da Lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamban 2003, a Maitaman nan dai. Hekta 32 ne, bai kai sulusin filin wasan ba, amma shi ne ke ɗaukar dukan jama'ar birni da kewaye ran Sallah, har mutum ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma. Mu da muke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa jarka-jarka, in muka wuce da rani muka hangi ciyawa tana shan ruwa, dole zuciya ta ɗan sosu. Ba hassada ba ce, lissafi ne.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa samarinmu su bar ɗaukar jaka. Tarihin wasan ya nuna cewa wannan ƙaramar ƙofa ita ce ta fi fitar da gwanaye. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen da Lee Trevino na Amurka duk da ɗaukar jaka suka fara, kuma akasarin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya, waɗanda ke cin abinci da sanda, ta nan suka biyo, ba 'ya'yan membobi ba ne. Kadi na ƙwarai ba ɗan dako ba ne. Shi ya san nisan kowane rami, ya san inda iska ke kaɗawa da hunturu, ya san yadda ƙasa ta karkata a bakin rami, shi zai ce wa mai gida, “Ranka ya daɗe, ajiye wannan, ɗauki waccan.” Babban mutum da ba ya jin maganar kowa a ofis sai ka ga ya bi maganar yaro ɗan shekara 18. Awa 4 kuma yana tafe kafaɗa da kafaɗa da mutanen da waninsa zai yi wata yana zarya bai gan su ba. Mun san waɗanda ta haka suka samu aikin tuƙi, da waɗanda aka biya wa kuɗin makaranta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, aiki ne na yau da gobe babu tabbas. Ranar da aka yi ruwa babu wasa, babu kuɗi. In an rufe fili don gyara, babu wanda ke bin bashin kowa. Yaron da ya bar makaranta saboda kuɗin yini, in ya kai shekara 35 kafaɗa ta gaji, bai zama ƙwararre ba, bai kuma koyi wata sana'a ba, shi ne ya yi biyu babu. Cikin ɗari da ke ɗaukar jaka ba kowa ne zai riƙe sanda ba. Saboda haka abin da muke roƙon iyaye shi ne, wanda ɗansa ke zuwa fili ya tsaya a kan cewa Asabar da Lahadi ne, ranakun da ma aka fi samun 'yan wasa, sauran kwanaki na makaranta ne ko na koyon sana'a. Waɗanda suka daɗe a harkar kuma su haɗa kansu su riƙa adashi, ko don ranar rashin lafiya.

Dattawanmu da suka ja buhu a kan yashin Kaduna da Kano da Jos, da waɗanda suka yi aikin dasa ciyawa da haƙa magudanai a Maitama kafin 1991, suna nan a cikinmu, waɗansu a sahun gaba a masallaci. Muna roƙon su daure su zo wurin sakataren ƙungiya ran Lahadi bayan La'asar, ko su aiko a je a same su a gida, a rubuta abin da suka gani da sunayen wuraren da suka yi aiki da shekarun, domin mu buga a fitowa ta gaba. Wanda ke da tsohon hoto ko katin aiki ya taho da shi, za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa a ranar.